Ƙwallo Huɗu da Kangon Mai Bulo

Shekara ashirin da bakwai ke nan Sito yana kula da ɗakin kayan kulob ɗin ƙwallon garinsu, har sunansa na yanka ya ɓace. 'Ya'yansa ma in aka tambaye su a makaranta, cewa suke su 'ya'yan Sito ne. Shi kuwa ɗakin, a kira shi ɗaki ma an yi masa kara. Wani lungu ne a ƙarƙashin dakalin 'yan kallo, mai warin safa da man zafi, in za ka shiga sai ka sunkuya. Akwai tarin takalma marasa 'yan'uwa, da famfon iska mai kukan akuya in ana bugawa, da bokitin farar ƙasa ta zana layi, sai buhun ƙwallaye. Ƙwallayen nan huɗu ne rak. Uku lafiyayyu, ta huɗun kuwa ta sha faci har ta gaji, in aka buga ta sai ta ɗan yi shawara a hanya kafin ta zaɓi inda za ta.

Kulob ɗin a rukuni na uku yake, wanda shi ne na ƙarshe. Daga nan in aka faɗo babu wani rukuni a ƙasa da zai tare ka, sai wasan unguwa, inda ake ajiye takalma biyu a ce raga ce. A bana kuwa faɗuwar ta zo har bakin ƙofa tana sallama. Wasa ɗaya ya rage, a gida, ranar Asabar. In aka ci ko aka yi canjaras, an tsira. In aka sha kashi, shi ke nan, a rufe lungun Sito, a sayar wa masu kiwon kaji ragar. Mako guda ke nan Sito ba shi da wani tunani sai na wasan nan, don shi bai san komai a duniya ba sai kulob ɗin nan, kuma yana son sa so mai tsanani, irin wanda mutum ba ya jin kunyar faɗa a gaban kowa.

Duk wanda ka tambaya abin da ya jawo wannan masifa, zai nuna maka Ciyaman, shugaban kulob ɗin. Ciyaman dillalin tayil ne mai kanti uku a babban titi, wanda ya karɓi kulob ɗin bara da alkawarin zai mai da shi na zamani. Ya taɓa zuwa wata ƙasa ya kalli wasa sau ɗaya, tun daga nan bai warke ba. Da ya zo, tikiti ɗari biyu ne, fili kuma yana cika har wasu na zama a kan katanga. Ya ce wannan ai wasa da kasuwanci ne, ya mai da shi ɗari biyar. Rabin mutane suka ɗauke ƙafa. Da Mai Tikiti ya kai masa labari, sai ya ce, "To, tunda masu zuwa sun ragu, ai dole waɗanda suka rage su ɗauki nauyin waɗanda suka gudu." Ya mai da shi dubu. Aka koma mutum arba'in. Ya ce madalla, ko ba komai shara ta ragu. Sai kuma ya sayo fararen kujerun roba guda sittin ya jera a inuwa, wai na manyan baƙi ne, dubu biyar-biyar. Manyan baƙin da suka taɓa zama a kansu su ne matarsa da ƙanwarta, sau ɗaya tak, su ma ana zuwa hutun rabin lokaci suka tafi, wai rana ta juyo.

Abin da Ciyaman bai sani ba, don bai taɓa tambayar kowa ba, shi ne aikin da mutanen bayan raga suke yi wa kulob ɗin. Bayan ragar gabas katangar gajera ce, babu doguwar waya irin ta manyan filaye. Abin da ke wurin matakala ce ta katako mai tsayi, kuma tun kafin a haifi 'yan wasan nan mutane ke cika ta maƙil, kafaɗa da kafaɗa. Su ne wayar. Duk ƙwallon da ta tsallake raga a hannunsu take faɗawa, wanda ya cafe a yi masa tafi a kira sana'arsa, "Sai tela!" ko "Sai mai gyaran rediyo!", shi kuma ya jefo ta ciki yana hura hanci. Akwai kafintan da ya karya yatsa a wurin, ya yi shekara yana nuna wa mutane yatsan da alfahari. Albarkacin mutanen nan ne Sito bai taɓa ɓatar da ƙwallo ba, duk da suna da wani ɗan wasan gaba da ake kira Jirgi, wanda in ya samu ƙwallo daga shi sai gola, tsuntsayen sama ne ke shiga uku.

Shugaban mutanen bayan raga kuwa ba kowa ba ne illa yayan Sito, uwa ɗaya uba ɗaya, tsohon direban bas da ake kira Lasifika. Allah ya hore masa murya. In ya kira golan baƙi ya tambaye shi ko hannuwan nan nasa ne ko aro ya yi, har tashar mota sai an ji tambayar. Shi ya fara kawo Sito filin nan a kafaɗa, kuma har yau da furfura ta cika wa Sito gemu, Auta yake kiran sa.

Ranar da tikiti ya koma dubu, Lasifika ya zo bakin ƙofa da ɗari biyunsa. A lokacin ɗari biyar ɗin ma da kyar yake haɗawa, wasa ɗaya ya zo, ɗaya ya ce mura yake yi. Mai Tikiti ya sunkuyar da kai ya nuna masa allo. Ya karanta allon sau biyu, ya ninke kuɗinsa ya mayar aljihu, ya juya bai ce uffan ba, kuma shirun nan ya fi ba mutane tsoro fiye da duk ihun da ya taɓa yi. Ya zagaya bayan katangar gabas, inda wani mai buga bulo yake da kangon bene da ya shekara shida a tsaye ba a ƙarasa ba, ya hau can sama ya zauna. Daga nan ana ganin filin tas, in ban da kusurwa ɗaya da bishiya ta tare. Wasa na gaba mutum talatin suka bi shi. Na gaba da shi, ɗari biyu. Mai Bulo ba wawa ba ne, ya kafa tebur a gindin matakala yana karɓar ɗari-ɗari. Kafin kakar wasa ta raba tsakiya ya sa tagogi a ƙasa, ya yi wa saman shingen ƙarfe, yana ta yi wa Ciyaman addu'ar tsawon rai.

Tun daga nan ƙwallo ta samu hanya. Ta daki katakon da babu kowa, ta yi tsalle ta haura katanga, ta faɗa harabar kango. Mutanen kango suna jefo ta, amma sai sun ga dama, sai Sito ya ɗaga hannu ya gaji. Lasifika kuma ya kulle bakinsa, ya ce ba zai ɓata muryarsa a kan gidan da aka kore shi ba. Fili ya yi tsit, kana jin hakin kowane ɗan wasa, har tarin rafali. Yaran suka sanyaya. Wasa bakwai a jere a gida, ba su ci ko ɗaya ba.

Ranar Alhamis Sito ya cije ya tafi gidan yayansa. Ya same shi a ƙofar gida yana fama da wata tsohuwar fanka da kowa ya san ba za ta gyaru ba.

"Yaya, jibi fa wasan ƙarshe ne."

"Na ji a gari."

"Ka shigo mana. Zan shigar da kai ta ƙofar 'yan wasa, ka riƙe mini buhu, ba wanda zai ce komai."

Lasifika ya ajiye sukudireba, ya dube shi sama da ƙasa. "Auta, ni za ka shigar ta ƙofar baya kamar ɓarawon kaji? Shekara arba'in ina biyan kuɗina ina shiga ta gaba. Sauran mutanen fa? Su ma buhun za ka ba su? Buhu nawa gare ka?"

"Yaya, faɗuwa fa za a yi."

"To a faɗi mana. Ni na kai ku can?"

Maganar ta yi wa Sito zafi ƙwarai. Ya miƙe ya tafi, ko ruwan da matar yayan ta kawo masa bai sha ba, yana tafe yana cewa a ransa tsufa ya zo wa mutumin nan da taurin kai.

Ranar Asabar da la'asar, mutum talatin da ɗaya ne a cikin fili, har da 'yan sanda huɗu da mai sayar da ruwan sanyi. Ciyaman na tsakiyar fararen kujerunsa shi kaɗai, da baƙin tabarau, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Kango kuwa ya cika ya batse, har Mai Bulo yana zagayawa yana ƙwanƙwasa ginshiƙai yana kasa kunne. Su kuma baƙin da suka zo ba da wasa suka zo ba, maki uku suke nema su haye rukuni na biyu.

Aka take wasa, 'yan gida na kai hari ragar gabas. Minti goma da farawa Jirgi ya samu ƙwallo shi kaɗai, gola ma ya riga ya faɗi don tsoro, raga a buɗe wayam. Jirgi ya ɗaga ƙafa ya aika ta kango kai tsaye, ko katakon ba ta taɓa ba. Sito ya je gindin katanga ya ɗaga hannu kamar kullum. Shiru. Ya yi tafi. Shiru. Mutum ɗari uku a saman kango kowa ya kau da kai, wani na duba farce, wani na gyara hula. Rafali ya hura usur yana nuna agogo, dole Sito ya ciro ta biyu ya jefa.

Minti ashirin baƙi suka ci. Sito ya dafe kai. Ana saura minti biyar a tafi hutu Jirgi ya sake samun ƙwallo, ya ɗaura niyyar aika ta inda ya aika 'yar'uwarta, sai Allah ya taimaka ƙafarsa ta zame, ƙwallo ta daki ƙaurinsa ta gangara a hankali ta shige raga. Shi kansa sai da ya waiga ya tambayi rafali ko da gaske ne. Ɗaya da ɗaya! Murna ta ɗebe shi, ana sake take wasa ya ƙwace ƙwallo ya narka mata ƙafa da dukkan ƙarfinsa, don ya nuna wa duniya cewa ya dawo. Ta tafi kango. Ita ma ba ta dawo ba.

Ana hura usur na hutu Sito ya ruga wurin fararen kujeru.

"Ranka ya daɗe, akwai matsala. Ƙwallo biyu ta rage mana, mutanen kango sun riƙe biyu."

"To sai me? Ƙwallo nawa ake wasa da ita a lokaci ɗaya?"

"Dokar gasar ce, ranka ya daɗe. Masu gida ke kawo ƙwallo. In aka tsaya minti goma sha biyar babu ita, rafali zai ba baƙi wasan."

Ciyaman ya sauke ƙafarsa. "A aika a sayo!"

"Mai shagon kayan wasan ya rufe, ranka ya daɗe. Ga shi can a kan kango, mai jar riga."

"To a ari ta baƙi mana! Komai sai na gaya muku?"

Da ƙarfi ya faɗa, kuma a filin da babu kowa magana ba ta ɓuya. Mai kula da kayan baƙi, wani ƙato mai tumbi, yana ji ya jawo buhun ƙwallayensu ya zauna a kai daram, ya ciro lemo ya fara ɓarewa. Sannan ya yafito kocinsu ya raɗa masa wani abu a kunne. Kocin ya dubi kango, ya dubi buhun Sito da ya lotse, ya yi wani murmushi da Sito bai so ba ko kaɗan.

Aka dawo, yanzu baƙi ne ke fuskantar gabas. Kai, rashin kunya iri-iri ce! Minti biyar da dawowa, ɗan bayansu ya samu ƙwallo a tsakiyar fili, ko ragar bai kalla ba, ya saita kango ya sake ta. Abokan wasansa har da yi masa tafi. Ta uku ta tafi ke nan. Sito ya zura hannu a buhu ya ciro mai faci, ya shafa ta, ya ce mata, "Ke kaɗai kika rage, don Allah ki rufa mini asiri."

Ta kuwa yi iya ƙoƙarinta. Sau uku baƙi suna saita kango da ita, sau uku tana canza ra'ayi a sama ta karkata ta faɗa kwana. Sau ɗaya ma ta juyo ta daki wanda ya buga ta a ƙeya. Amma ana saura minti goma sha biyu a tashi, wani dogo ya kama ta da kyau ta gefen da babu faci, ta tashi ta haura katanga, wani a saman kango ya miƙa hannu ya karɓe ta cak.

Rafali ya hura usur, ya ɗaga agogonsa sama kowa ya gani. "Minti goma sha biyar. In babu ƙwallo, wasa na baƙi ne."

Sito bai san yana da sauran gudu a jikinsa ba sai ranar. Ya fita ta ƙofa, ya zagaya katanga, ya faɗa harabar kango. Mai Bulo ya buɗe baki zai ce ɗari, ya ga idon Sito, ya haɗiye maganarsa ya matsa gefe. Ya haye matakalar da babu abin riƙewa, mutane na darewa suna ba shi hanya, har ya isa sama.

Lasifika na zaune a kan bulo biyu, ƙwallaye huɗu a gabansa, ya ɗora ƙafa a kan ɗaya. Sito ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya faɗa kan filin. Bai taɓa ganin sa daga nan ba. Dakali wayam, matakalar katako wayam, fararen kujeru a jere da mutum ɗaya a tsaye a tsakiyarsu yana ɗaga hannuwa, 'yan wasa ƙanana-ƙanana sun yi cirko-cirko. Ya yi kama da gidan da masu shi suka tashi. Kunya ta kama shi, don shekara guda yana cikin wurin nan bai ga haka ba.

"Yaya, don Allah. Don darajar iyayenmu."

"Kada ka sako iyayenmu a maganar ƙwallo."

"Minti goma sha ɗaya ya rage!"

"Ina da agogo. Auta, tsaya ka ji." Sai ya yi ƙasa da murya, abin da Sito bai taɓa ji ba tun da yake, har sai da ya sunkuya kafin ya ji shi. "In aka faɗi, Ciyaman zai tattara ya gudu. Wasan unguwa ba a yanka tikiti. Za a buɗe ƙofa, in koma wurina. Shekarata sittin da takwas, gwiwar nan ba ta son matakalar Mai Bulo, kullum sai mutum biyu sun riƙe ni nake hawa kamar kayan wanki. Kana cewa taurin kai ne. Ba taurin kai ba ne, Auta, dubun ce ba ni da ita. Ba ni da ita. In na sayi maganin wata, abin da ke saura ba ya kai ni ƙofar nan. Gara in ga yaran nan suna wasan unguwa ina kusa da su ina jin warin guminsu, da in riƙa hango su daga nan kamar tururuwa."

Hawaye ya zubo wa Sito, bai ko share ba. Wata shida yana jin haushin mutumin nan, bai taɓa tambayar kansa ko yana da kuɗin ba.

"Yaya, ka yafe mini, wallahi ban sani ba. Amma in aka faɗi babu wani wasan unguwa. Yaran watsewa za su yi. Filin kuma, da idona na ga Ciyaman ya kawo mai awo ranar Talata, suna ja da igiya daga raga zuwa raga. Ma'ajiyar tayil zai gina."

Waɗanda ke kusa suka ji, magana ta bi saman kango kamar wutar kara. "Tayil?" "A filinmu?" Lasifika ya dubi ƙwallayen da ke gabansa. Can ya sa ƙafa ya turo mai faci.

"Ɗauki wannan. Sauran ukun sai an zauna an yi magana."

Sito ya rungume ta ya sauko da gudu. Ya zagayo katanga yana haki, ya hango ƙofa, Ciyaman na tsaye a bakinta ya cire tabarau, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, rafali na bayansa da agogo, Mai Tikiti na rakuɓe a teburinsa.

"Yauwa! Kawo! Kawo mana, me kake jira?"

Saura taki ɗaya ya shiga, sai ƙafafun Sito suka tsaya. Shi kansa bai shirya haka ba. Ya gyara wa ƙwallon zama a hammata.

"Ranka ya daɗe, in ta shiga ita kaɗai, minti biyu ba za a yi ba za su sake fitar da ita. Ba za ta shiga ba sai da masu tare ta. A buɗe wa mutane ƙofa."

"Kai! Ka san da wa kake magana? Miƙo ƙwallon nan ko in kore ka yanzun nan!"

"A buɗe ƙofa, ranka ya daɗe."

"Na kore ka! Kowa ya shaida, na kore shi!"

"To, tunda an kore ni, ni mai wucewa ne. Ƙwallo kuma a waje na tsince ta."

Rafali ya ce, "Minti huɗu."

Ciyaman ya leƙa bayan Sito, ya ga kango ya sauko gaba ɗaya, mutum ɗari uku sun cika lungun suna kallon sa. Amma ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne ko a bakin rami. "To, na yi rangwame. Ɗari biyar-biyar."

"Na minti goma sha biyu?" in ji wani daga baya. Aka fashe da dariya.

"Ɗari huɗu, kuma wallahi faɗuwa na yi!"

"Minti biyu," in ji rafali.

Ciyaman ya jefar da tabarau a ƙasa. "Ku shiga! Ku shiga kyauta, ku cinye ni, ku huta!"

Sai aka ji wata murya daga can ƙarshen lungu, muryar da aka yi wata shida ba a ji ba, har tantabarun kan katanga suka tashi. "Kyauta? Mu mabarata ne? Ɗari biyu muke biya, ɗari biyu za mu biya! Kowa ya ajiye a tebur ya wuce!"

Tirƙashi! Mutane suka ɓarke. Kowa na gudu yana jefa kuɗinsa a tebur, Mai Tikiti ya daina ƙoƙarin yagar takarda ya buɗe hannuwa kawai yana tarewa, yana dariya yana kuka. Sito ya jira har ya ga mutum na farko ya taka katakon bayan raga, sannan ya wurga wa rafali mai faci. Rafali ya duba agogo, ya ce saura daƙiƙa ashirin, ya hura usur.

Minti goma sha biyun nan, duk wanda ya gan su ba zai manta ba. Dogon baƙi ya sake saita kango, kafin ya sauke ƙafa ƙwallo ta dawo ta faɗi a gabansa, ana ihun "Sai mai wankin hula!" Ya sake, "Sai kafinta!" Da suka ga abin ba ya ci sai suka koma neman raga da gaske, amma ina, Lasifika ya riga ya isa wurinsa. Ya kira ɗan gabansu ya tambaye shi ko takalmin nan na ƙaninsa ne, yaron ya waiga ya ga mai magana, aka zare ƙwallo a ƙafarsa. Golan gida, da ya yi wata shida ba ya jin kowa a bayansa, ya koma kamar an sa masa sabon batir, har wadda ta yi waje sai ya bi ta ya kama. Rafali ya hura tashi, ɗaya da ɗaya. An tsira.

Fili ya rikice. Aka ɗaga Jirgi sama, shi da ya jawo rabin wahalar. Wasu suka hau fararen kujeru suna rawa har uku suka karye. Sito na tsaye a bakin layi yana ta dariya shi kaɗai, yana ganin ai yanzu komai ya wuce, maganar kora kuma zafin rai ne. Sai ya ji an taɓa kafaɗarsa. Ciyaman ne, ya tsinci tabaransa ya mayar, gilashi ɗaya ya tsage.

"Makulli."

"Ranka ya daɗe, ai mun tsira."

"Mun tsira. Ka tozarta ni a gaban gari. Makulli."

Sito ya dube shi ya ga babu wasa a fuskarsa. Ya zaro igiyar makullin ɗakin kaya daga wuyansa ya miƙa masa. Ciyaman ya jefa a aljihu ya wuce motarsa.

'Yan wasa ba su san abin da ya faru ba. Suka zo wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuɓe rigarsa jiƙe da gumi ya ɗora wa Sito a hannu kamar yadda suka saba, wani ya sumbaci kansa, wani ya ce, "Baba Sito, yau kai ne gwarzo!" Ya tsaya da tulin riguna har haɓa, babu ɗakin da zai kai su. Bai taɓa jin daɗi irin na yau ba, kuma bai taɓa jin zuciyarsa ta yi masa ciwo haka ba.

Lasifika ya iso yana ɗingishi, murya ta dishe. Ya dubi rigunan, ya dubi wuyan ƙaninsa.

"Da gaske ya yi?"

"Da gaske ya yi."

"Ni na jawo maka."

"A'a, Yaya. Ni na tsaya da ƙafata." Ya gyara riƙon rigunan, sannan ya ce, "Yaya, gobe da safe ina zan je?"

Lasifika ya matso kusa da shi. Ya miƙa hannu ya kwashi rabin rigunan ya rungume, suka nufi ƙofa a hankali saboda gwiwarsa.